Karatun Aikin Jaridar Wasanni a Matakin Digiri na Biyu

Karatun aikin jaridar wasanni a matakin gaba da digirin farko horo ne da jami'o'i da makarantun koyon aikin jarida ke bai wa wanda ya riga ya kammala digiri, domin ya ƙware wajen nemo labarin wasanni, tantance shi, da isar da shi ta jarida ko rediyo ko talabijin ko intanet. Ana yin sa a matsayin babbar difloma ko digiri na biyu, wato mastas. A Birtaniya shekara guda ake yi, a Amurka kuma daga shekara ɗaya zuwa biyu. Takardar shaidar ba lasisin aiki ba ce: a yawancin ƙasashe babu dokar da ta ce sai mai ita zai rubuta labarin ƙwallo, kuma manyan marubutan fagen da dama ba su taɓa zama a irin wannan aji ba.

Asali

Sana'ar ta girmi karatunta nesa ba kusa ba. A 1883 Joseph Pulitzer ya ware sashe na musamman na wasanni a jaridarsa ta New York World. An kafa La Gazzetta dello Sport a birnin Milan a 1896, Marca ta Sifaniya a 1938, L'Équipe ta Faransa a 1946. Ƙungiyar 'yan jaridar wasanni ta duniya, AIPS, an kafa ta a Paris a 1924, lokacin wasannin Olamfik.

Tun daga farko jaridu ba su tsaya a matsayin 'yan kallo ba. Jaridar L'Auto ce ta ƙirƙiro tseren keke na Tour de France a 1903 don ta ƙara kasuwa, Gazzetta ta bi sahu da tseren Italiya a 1909, kuma daga teburin 'yan jaridar L'Équipe shawarar Gasar Kofin Turai ta fito, wadda aka fara a 1955, ita ce ta zama Gasar Zakarun Turai ta yau. Ke nan mai ba da labarin da mai shirya wasan sun daɗe suna cin abinci a kwano ɗaya. Wannan cuɗanya ita ce babbar matsalar fagen, kuma a kanta ne darussa masu nauyi na wannan karatu suka ginu.

Makarantar koyon aikin jarida ta Jami'ar Missouri ta buɗe a 1908, ta Columbia a 1912, amma an daɗe ba a ɗauki wasanni a matsayin fannin da ya cancanci digirinsa ba. A ɗakunan labarai na Amurka har kiran sashen ake yi da wurin wasan yara. Kuɗi ne ya sauya lissafin. Bayan buɗe tashar ESPN a 1979 da kafa Firimiyar Ingila a 1992, wasanni suka zama harkar biliyoyi: cinikin nuna wasannin Firimiya a cikin Birtaniya kaɗai, na kakanni huɗu daga 2025, ya kai fam biliyan 6.7. Harka irin wannan tana buƙatar ɗan jaridar da ya iya karanta kwantiragi da rahoton kuɗi.

Inda ake koyarwa

A Amurka, Jami'ar Indiana ta kafa cibiyar aikin jaridar wasanni a birnin Indianapolis a 2009, ba da jimawa ba kuma ta fara ba da digiri na biyu a fannin. Ba a banza aka zaɓi garin ba, domin a nan hedikwatar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA take. Makarantar Cronkite ta Jami'ar Jihar Arizona tana da nata digirin a birnin Phoenix, makarantar Medill ta Jami'ar Northwestern kuma tana ba da ƙwarewar wasanni a cikin digirinta na aikin jarida.

A Ingila akwai irin wannan digiri a jami'o'i kamar St Mary's da ke Twickenham, Sheffield Hallam da Liverpool John Moores. Editoci a can kan duba ko ɗalibi ya ci jarrabawar NCTJ, hukumar horar da 'yan jarida da aka kafa a 1951. Har yanzu ana koyar da rubutun gaggawa na alamomi, inda mizanin da ake so shi ne kalma 100 a minti guda. Abin kamar tsohon yayi ne a zamanin wayar salula, amma a kotu ba a yarda a naɗi murya ba, kuma labarin wasanni yakan ƙare a kotu.

Sifaniya ta bi wata hanya: jaridar Marca tana gudanar da digiri tare da Jami'ar CEU San Pablo, kulob ɗin Real Madrid kuma yana da makaranta tare da Universidad Europea inda ake koyar da sadarwa da aikin jaridar wasanni. Ɗalibi na samun shiga filin wasa da sanin manya, sai dai wanda kulob ya horar da shi zai sha wuya kafin ya binciki kulob ɗin. A Jamus, Jami'ar Wasanni ta Kolon, wadda aka kafa a 1947, ta fi karkata ga nazari da bincike a matakin digiri na biyu.

Abin da ake koya

Darasin farko shi ne rahoton wasa a kan lokaci. Ana kai ɗalibi filin ƙaramar gasa, a ce ya aika labari da zarar alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe. Dole ya rubuta mafi yawansa ana cikin wasa, idan kuma aka zura ƙwallo a minti na 90 sai ya rushe farkon labarin ya sake gini cikin 'yan mintoci. Daga nan sai hira, sharhi kai tsaye, haɗa bidiyo da shirin murya, da rubutun dogon zango.

Sai shari'a: dokar ɓata suna, raina kotu, sirrin lafiyar ɗan wasa, haƙƙin mallakar hoto da bidiyo. Sai alƙaluma. Kamfanoni irin su Opta suna ƙirga kowane bugu a fili, kuma ma'aunin xG, wanda ke ƙiyasta yiwuwar hari ya zama ƙwallo, ya shiga bakin masu sharhi. Ana kuma karanta tsarin mulkin FIFA da CAF da kwamitin Olamfik, dokokin hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari, da harkar caca. A ƙarshe ɗalibi kan gabatar da kundin bincike ko wani babban aikin jarida, bayan ya yi makonni na sanin makamar aiki a wata kafa.

Bincike da farashinsa

Mafi yawan masu shiga ajin magoya baya ne, kuma aikin malamai shi ne su raba su da rigar kulob. Wakilin da ke bin ƙungiya ɗaya kullum yana rayuwa ne da izinin shiga: in ya fallasa, a hana shi hira, in ya yi shiru, ya zama kakakin kulob ba albashi.

Misalan da ake nazari sanannu ne. David Walsh na Sunday Times ya shafe fiye da shekara goma yana zargin ɗan tseren keke Lance Armstrong da shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Jaridar ta biya Armstrong diyya a 2006, kafin a ƙwace kofunansa bakwai na Tour de France a 2012, shi kuma ya amsa laifi a 2013. Andrew Jennings ya bi diddigin cin hanci a FIFA shekaru kafin kamen da aka yi a Zurich a watan Mayun 2015. Rahoton Hajo Seppelt a tashar ARD ta Jamus a Disamban 2014 shi ya tona asirin shirin ƙwayoyi na Rasha. Jaridar Indianapolis Star kuma a 2016 ta bankaɗo cin zarafin 'yan mata masu wasan motsa jiki, abin da ya kai likita Larry Nassar kurkuku. A Ghana, binciken Anas Aremeyaw Anas na 2018 ya yi awon gaba da shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, Kwesi Nyantakyi. A Janairun 2019 aka harbe ɗaya daga abokan aikinsa, Ahmed Hussein-Suale, a Akara. Wannan binciken yakan jawo gardama a aji kan halaccin ɓoye kyamara da miƙa kuɗi don gwada mutum.

Shiga da kuɗi

Ana neman digirin farko a kowane fanni, samfurin rubuce-rubuce, da shaidar iya harshen da za a yi karatun da shi. Kuɗin makaranta ga baƙo ya ɗara na ɗan ƙasa sosai. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin digiri na shekara guda, da sharaɗin mai nema ya yi aikin shekara biyu, kuma ya koma ƙasarsa na shekara biyu bayan gamawa. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu irin wannan digiri zuwa da iyalansu, sai dai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

A Najeriya da Nijar

A Najeriya, hanyar da aka saba bi ita ce babbar difloma ko digiri na biyu a fannin sadarwa, a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello ko Cibiyar Koyon Aikin Jarida ta Legas, sannan ɗalibi ya karkata kundinsa ga wasanni. Da hukumar jami'o'i ta raba fannin sadarwa gida bakwai a 2020, wasanni ba su samu gida nasu ba. A Nijar, makarantar ESSCOM da ke Yamai, wadda a da ake kira IFTIC, ita ce ke horar da 'yan jarida. Sana'ar kanta tana da ƙarfi: ƙungiyar SWAN ta marubuta wasanni tana nan tun 1964, tashar rediyon wasanni ta Brila FM ta fara a 2002, gidajen rediyo kuma na sharhin gasannin Turai da Hausa. Dambe da kokawa kuwa, duk da ɗimbin 'yan kallonsu, babu su a manhajar Ingila ko Amurka.

Kasuwar aiki

Masu sukar wannan karatu na cewa ana yaye ɗalibai fiye da guraben da ke akwai. Kamfanin New York Times ya sayi shafin labaran wasanni na The Athletic a kan dala miliyan 550 a 2022, a shekarar da ta biyo baya ya rufe sashen wasanninsa na gida. Kamfanin dillancin labarai na AP ya fara barin kwamfuta ta rubuta rahoton ƙananan wasannin besbol tun 2016. Shi ya sa da yawa daga masu kammalawa ke ƙarewa a ofishin watsa labarai na kulob, ko hukumar wasanni, ko kamfanin caca, wato wuraren da aka horar da su don su sa wa ido.