Waiwaye: Yadda tawadar waken suya ta shiga maɗaba'u

A Turai, tawadar ɗab'i ta fara ne da man tsiro. Wajen 1450, lokacin da Gutenberg ke buga littattafai a birnin Mainz na Jamus, haɗinsa baƙin hayaƙi ne da dafaffen man linsid (man da ake matsewa daga 'ya'yan wani tsiro), kusan yadda almajiri ke haɗa gawayi da ƙaro ya yi tawadar allo. Sai a ƙarni na 20 man da ake tacewa daga ɗanyen fetur ya ƙwace kasuwa, don yana da araha kuma yana bin saurin injinan jarida.

Abin da ya sake karkato da hankali kan man tsiro tsadar mai ce, ba tausayin muhalli ba. Bayan rikicin mai na 1973, ƙungiyar masu buga jaridu ta Amurka ta sa masananta neman madadi. An gwada haɗi sama da 2,000 kafin a tsaya kan man waken suya. A 1987 jaridar The Gazette ta Cedar Rapids a jihar Iowa ta fara buga shafukanta da shi, a 1994 kuma majalisar Amurka ta yi dokar da ta wajabta tawadar man tsiro a ayyukan ɗab'in gwamnatin tarayya. Tawada mai launi ce ta fara karɓuwa: man suya garai yake, launi na fitowa ras, kuma kuɗin garin launi ne ya fi yawa a farashinta, don haka ƙarin kuɗin mai bai taka kara ya karya ba. Baƙar tawada ta jima tana jan ƙafa saboda tsada.

Inda masu ba da aiki ke ruɗewa shi ne tambarin SoySeal na ƙungiyar manoman waken suya ta Amurka. Tambarin bai ce tawadar zallar suya ce ba. Mafi ƙarancin da ake nema shi ne kashi 40 cikin ɗari a baƙar tawadar jarida, 30 a mai launi, 20 a ta injin da ke jan takarda ɗaya-ɗaya, sai kashi 7 kacal a wadda ake busarwa da zafi don mujallu. Ragowar garin launi ne da ƙaro da kaki, sau da yawa har da man fetur ɗin. Mai tambaya ya nemi adadi a rubuce, kada ya tsaya kan tambari.

Dalilin wannan bambanci shi ne bushewa. Takardar jarida tsotse mai take yi, shi ke nan. A kan takarda mai sheƙi kuwa dole man ya sha iska ya daskare, man suya kuma ya fi na linsid nawa wajen haka. Idan aka jibga takardu da wuri, tawadar takardar ƙasa takan shafi bayan ta sama, aikin ya lalace. Maganin shi ne a rage tsayin jibgi, a fesa hodar sitaci daidai wa daida, a rage ruwan da ke zuwa kan faranti (ƙarfen da ke ɗauke da rubutun da ake bugawa), a kuma jinkirta yanka da naɗi zuwa washegari.

A ganinmu an cika maganar tawada, alhali tururin da ma'aikaci ke shaƙa ya fi fitowa daga wurare biyu. Na farko sinadarin isofurofil da ake zubawa a ruwan jiƙa faranti, yawanci kashi 8 zuwa 12. Ba a cire shi rana ɗaya: a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, a sanyaya ruwan zuwa wajen digiri 10, a riƙe tsaminsa kusa da 5 a ma'aunin tsami na pH, a sauya rololi da masu taushi. Wanda ya yi gaggawa zai ga tawada na shafar inda ya kamata ya zama fari. Na biyu abin wanke rola da shimfiɗar robar da ke kai tawada kan takarda. A ƙananan maɗaba'unmu har yanzu fetur da kananzir ake sa wa tsumma, a ɗaki marar taga. Akwai ruwan wanki na man tsiro da ba ya tashi sama. Aibinsa yana barin maiƙo, sai an bi da tsumma mai ɗanshin ruwa kafin a tayar da inji, in ba haka ba takardun farko duk asara ne.