Amosanin gaɓɓai

Gaɓa ita ce mahaɗar ƙashi da ƙashi. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma ba duk mahaɗarsu ce ke motsi ba: ta ƙoƙon kai a ɗinke take, ta kafaɗa da ta ƙugu kuwa suna juyawa kowane ɓangare. Gwiwa ce mafi girma, inda ƙashin cinya da na ƙwauri da ƙoƙon gwiwa suka haɗu.

Bakin kowane ƙashi a lulluɓe yake da guringuntsi, fari mai santsi, wanda kaurinsa a gwiwa bai wuce ƴan milimita ba. Wata jaka ce ta kewaye gaɓar, cikinta da ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai, jijiyoyi kuma suka ɗaure ƙasusuwan. Abin lura shi ne guringuntsi ba shi da hanyar jini. Daga ruwan nan yake cin abinci, sai an taka ya matse, an ɗaga ya tsotsa, kamar soso. Shi ya sa in ya cinye ba ya komawa yadda yake.

Cinyewar nan ce asalin ciwon da ake kira amosanin gaɓɓai, ko sanyin ƙashi a bakin jama'a. Guringuntsi ya yi kaushi, ya sirance, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi tauri, ya fitar da tsiro a gefe. Sai zafi in an yi tafiya, ƙara in an lanƙwasa, da sandarewa da asuba wadda yawanci ba ta kai rabin awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 ne ke fama da shi a 2019, kashi 60 cikin 100 mata ne. Ya sha bamban da amosanin jini, wanda gado ne kuma tun yarinta yake bayyana.

Tsufa, ƙiba, tsohon targaɗe ko karaya da aikin ƙarfi su ke jawo shi. A Damagaram, inda wahalar ruwa ta daɗe, macen da ta yi shekaru tana ɗaukar bido mai lita 25 ta san nauyin da gwiwa ke sha. Dattawa da dama a sallah suke fara gane shi, ranar da sujada da zaman tahiya suka gagara. Da hunturu sukan ce ciwon ya tashi, amma ba sanyi ne ke cinye guringuntsi ba.

Hoton ƙashi, irin wanda ake ɗauka a babban asibitin ƙasa na Zinder, yakan nuna tazarar gaɓar ta tsuke. Babu maganin da ke tsiro da sabon guringuntsi. Abin da ya fi amfani shi ne tafiya kaɗan-kaɗan kullum, ƙarfafa naman cinya, rage ƙiba da dogara sanda. Kwanciya ƙara lalata gaɓa take yi. Ƙwayoyi irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, sai dai abin takaici ne yadda ake sayen su a tire ana sha wata da watanni, alhali suna iya jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda. In gaɓa ta lalace ƙwarai, likitoci kan yi tiyata su sa ta ƙarfe da roba.