Jikin yaro ya yi zafi? A gwada jini kafin a ba shi magani

Da zarar damina ta kankama, layin iyaye mata a asibitin sha-ka-tafi sai ya tsawaita, kuma kusan bakinsu ɗaya: jikin yaro ya yi zafi, maleriya ce. Da yawa kafin su iso wurinmu sun riga sun biya ta kemis an haɗa musu magani, wasu har da allura. Ba na ganin laifin uwar da ta tsorata. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Sai dai zafin jiki alama ce kawai, jiki ne ke sanar da ku cewa akwai abin da yake fama da shi. Yana iya zama maleriya, yana iya zama limoniya, ciwon kunne, ƙyanda, sanƙarau ko cutar mafitsara, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan komai.

Shi ya sa tun shekarar 2010 hukumar ta ce a tabbatar da maleriya ta hanyar gwaji kafin a ba da magani. Gwajin gaggawa ba shi da wuya: ɗigon jini daga yatsa, sai a jira minti 15 zuwa 20. Inda muke shan fama shi ne idan sakamako ya nuna babu. Uwa sai ranta ya ɓaci, ta ce, "Malam, a dai ba shi, ko don rigakafi." Yar'uwa, idan gwaji ya ce babu, aikinmu bai ƙare ba, lokacin ne ma za mu leƙa kunne da maƙogwaro, mu taɓa wuya, mu duba ƙirji. Yaron da aka sallama da maganin maleriya alhali limoniya ke cinsa, kwana uku zai yi a gida ana jiran sauƙin da ba zai zo ba.

Limoniyar nan ita ce ta fi ɓoye mana a bayan zazzaɓi, kuma uwa za ta iya gano ta tun a ɗaki ba tare da wata na'ura ba. Ki jira yaro ya natsu, ba yana kuka ko shan nono ba. Ki ɗaga rigarsa, ki kalli ƙirjinsa, ki ƙirga numfashinsa na cikakken minti ɗaya da agogon waya. Yaro daga wata 2 zuwa wata 11, idan ya kai 50 ko ya wuce, numfashin ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da shekara 5, iyakar 40 ce. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60. Idan kuma kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, kada ki kwana da shi a gida. Amoksisilin da ma'aikacin lafiya zai auna gwargwadon nauyi ko shekarun yaro yana warkar da yawancin irin wannan idan an zo da wuri. Maganin tari na kwalba ba ya yi.

Idan gwaji ya tabbatar da maleriya, maganin da aka amince da shi shi ne haɗin da ake kira ACT, irin su Coartem. Najeriya ta bar kulorakwin a matsayin maganin farko tun 2005 saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, amma har yau akwai masu nemansa don sabo. Coartem sau shida ake sha cikin kwana uku: na biyu awa 8 bayan na farko, sannan safe da yamma na kwana biyu. A ba shi tare da nono, madara ko abinci mai ɗan maiƙo, domin haka ne jiki ke ɗaukarsa sosai. Babban kuskuren da muke gani shi ne a daina a rana ta biyu don yaro ya tashi yana wasa, a ajiye ragowar wa ƙanensa. Ƙwayoyin cutar da suka rage a jini su ne ke dawo da ciwon. Kuma allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi ba ga yaron da ke iya haɗiya. Ta wanda ciwonsa ya yi tsanani ce, a asibiti.

Sai maganar "maleriya da taifot" da ta zama kamar waƙa a bakin kowa. Taifot gaskiya ce, tana kuma iya huda hanji, amma gwajin Widal da aka fi dogaro da shi yakan nuna akwai ga mutumin da ba ya da ita. A kan takardar nan kaɗai ake ta ɗura wa yara magungunan kashe ƙwayoyin cuta, har ranar da ake buƙatarsu da gaske su ƙi aiki. Haka nan haƙori: fitowarsa na iya sa yaro rigima da dalalar miyau, amma zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai yawa ba haƙori ba ne, a nemi dalilinsu.

A gida, abin da ya dace shi ne farasitamol daidai da nauyin yaro, rage masa tufafi, da yawaita nono da ruwa. Kada a ba yaro asfirin.

Akwai kuma halin da ba a tsayawa neman kemis ko jiran gari ya waye. Yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko duk abin da ya sha sai ya amayar. Ya yi jijjiga. Ya yi laushi ana tashinsa da kyar. Wuyansa ya sandare, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, alamar jini ya yi ƙasa. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, kowane irin zazzaɓi a jikinsa na asibiti ne kai tsaye. Idan jijjiga ta kama yaro, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa, manja ko jiƙo, domin huhu za su wuce. A yi addu'a, amma a yi ta ana kan hanya.

A nan maganar ta dawo kan iyaye maza. Sau da yawa uwa ta ga alamar tun da rana, amma maigida yana kasuwa ko ya tafi ci-rani, babu izinin fita, babu kuɗin mashin. Alhaji, ka ba da izinin nan tun yau, kafin ciwo ya zo, ka ce mata ko ba ka nan, idan ta ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ta ɗauki yaro ta tafi. Ka ajiye mata kuɗin abin hawa a inda hannunta zai kai, ka kuma faɗa wa mahaifiyarka da ƙannenka cewa kai ne ka yarda.