Wa zai maida kai gida bayan allurar barci?

Duk wanda aka ba shi mau'idin minzar a Jidda ko Makka, wato ranar da asibiti ya sa masa don leƙen ciki ko hanji da na'ura, sai ya kira ni da tambayoyin nan, su ɗin dai su ɗin. To ga amsa gaba ɗaya.

Na farka garau, ba zan iya tuƙa motata ba?

A'a. Sai bayan awa 24.

In na sha gahawa mai kauri fa?

Gahawa ba ta fitar da maganin daga jini. A'a.

Amma wallahi ba na jin komai a jikina.

Ai nan matsalar take malam. Magungunan allurar barci irin su midazolam da ake sa wa mutum aikinsu ke nan, kana zaune kana hira da nas kana dariya har ka gyara zaman hula, amma anjima a tambaye ka me likita ya ce maka ba za ka tuna ko kalma ɗaya ba. Shi ya sa a asibiti suke neman sunan murafik, wato mai raka ka, da lambarsa tun wajen rajista. Shi zai saurari bayani ya riƙe takardun.

Ba ni da kowa, duk mutanenmu suna wajen aiki. In kira Careem ko Uber?

Wannan ce kawai tambayar da ba na jin haushinta, don na san halin da da yawanmu ke ciki, kafil, wato ubangidan aiki, ba lallai ya ba abokinka izini ba, kuma kowa na tsoron a yanke masa albashin yini. Gaskiya ya danganta da asibitin. Wasu sam ba za su sallame ka hannun direban haya ba, wasu ma in ba su ga murafik ba za su ɗaga aikin bayan ka sha wahalar rashin cin abinci, in na hanji ne ka kwana kana zaryar banɗaki, duk a banza. Don haka ka kira su kwana biyu ko uku kafin ranar ka tambaya ƙarara. Direba zai sauke ka a bakin titi ya wuce abinsa, ba shi zai hau da kai bene ba, in amai ya taso a hanya bai san me aka yi maka ba. Amma in wani babba ya zo ya ɗauke ka kuka shiga Careem ɗin tare, ba laifi, ba dole sai mai mota ba. Ko ka roƙi a maida mau'idin ranar hutun abokinka. In kuma leƙen ciki ne ta baki, tambayi likita ko za a iya yi da feshin maƙogwaro kawai ba allurar barci, ana yi, ba daɗi dai amma 'yan mintuna ne ka tafi da ƙafarka. Likita ne zai ce ko ya dace da kai, ni ba zan ce ba. Sannan mutanen Makka da ke zuwa asibitin Jidda, in abokin aikin da ya ce zai taimaka ba Musulmi ba ne ku tuna ba zai shiga da ku Makka ba.

Ɗana mai shekara 13 zai iya raka ni?

Haba Hajiya. Babba ake so.

Tunda na shigo gari zan iya biyawa Harami in yi ɗawafi?

Cikin wannan cunkoson, ciki ba komai, kai na juyawa? Ki je ki kwanta, gobe ma rana ce. Kuma yau ba tura kuɗi gida, ba sa hannu a wata takarda.

Ina tsoron kada in ƙi farkawa.

Kwantar da hankalinki, akwai na'ura a yatsanki tana auna iskar jini da bugun zuciya, suna tsaye a kanki har ki wartsake.

In na koma gida abu ya rikice?

Ciwon ciki mai tsanani, aman jini, zazzaɓi ko numfashi da ƙyar, a kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa. In tambaya ce kawai, 937 na ma'aikatar lafiya. Ki sa wa murafik ɗin lambobin a wayarsa tun kafin a shiga da ke.