Mene ne Manufar Ware Kai a Harkokin Ƙasashen Waje?

Tun da Donald Trump ya dawo mulki a watan Janairun 2025, ya sa hannu a takardar fitar da Amurka daga Hukumar Lafiya ta Duniya da yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris, ya kuma dakatar da tallafin da hukumar USAID ke bayarwa, masu sharhi suke ta cewa Amurka ta koma ware kai. Abin da suke nufi shi ne ƙasa ta ja jikinta daga harkokin duniya: ba ta ƙulla ƙawancen soja na dindindin, ba ta tsoma baki a rikicin wasu, ba ta kashe dukiyarta a waje alhali na gida suna da buƙata. Kishiyarta ita ce ƙasa ta shiga a dama da ita a ƙungiyoyi da yarjejeniyoyi da ciniki, wani lokaci har da tura soja.

Muhawarar tsohuwa ce a can. A jawabin ban kwanansa na 1796, George Washington ya gargaɗi 'yan ƙasarsa su guji ƙawancen dindindin da ƙasashen waje. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Shugaba Woodrow Wilson ne ya yi uwa ya yi makarɓiya wajen kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Al'ummai, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, amma majalisar dattawansa ta ƙi amincewa Amurka ta shiga. A 1940 aka kafa kwamitin da takensa shi ne Amurka ce farko, domin hana ƙasar shiga yaƙin Turai. Harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941 ya rufe bakin wannan kwamiti. Daga nan aka samu Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 da ƙawancen NATO a 1949.

Masu son ware kai suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Suna nuna Iraƙi a 2003, da shekara 20 da aka shafe a Afghanistan, da Libiya a 2011, inda rushewar gwamnati ta watsa makamai a yankin Sahel, mu ma muna ɗanɗana kuɗarsu. Sai dai ƙasar da ta janye tallafin magani sannan ta kai wa Iran hari a watan Yunin 2025 ba ta ware kanta ba, ta zaɓi inda za ta sa hannu ne kawai.

Najeriya ta daɗe a ɓangaren masu shiga. Janar Murtala Muhammad, ɗan Kano, ya tsaya a Addis Ababa a Janairun 1976 ya goyi bayan MPLA, ƙungiyar 'yan gwagwarmayar 'yancin Angola, duk da matsin lambar Amurka. Sojojinmu ne ƙashin bayan rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, wato ECOMOG, a Laberiya daga 1990, sannan a Saliyo. Har yau akwai masu tambayar ribar da muka ci, kuma tambayar tana da ma'ana.

Amma Bakano ba ya buƙatar tafiya nesa kafin ya gane zancen. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki, aka fara maganar tura soja. Wanda ya shiga kasuwar Dawanau ko ta Kantin Kwari a lokacin ya ga abin da ido: fataken Maraɗi da Damagaram sun ɗauke ƙafa, manyan motoci sun maƙale a kan iyaka, dillali na zaune kan buhu yana jiran bashin da ba hanyar zuwa karɓarsa, 'yan dako sun jingine kura. Mutanen Kano da dama sun ce ba su yarda a yi yaƙi ba. Sanatocin Arewa suka ƙi, ayarin malamai ya tafi Yamai, Muhammadu Sanusi II ma ya gana da Janar Tiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin.

A nan ake yawan yin kuskure. Ƙin yaƙi daban, ware kai daban. Malaman da suka je Yamai ba janye jiki suka yi ba, shiga suka yi da baki maimakon bindiga. Ni a ganina wannan ita ce hanyar da ta dace da gari irin namu, wanda tun zamanin ayarin raƙuma da kasuwar Kurmi da baƙo yake cin abinci. Mun kuma ga yadda cuta ba ta san kan iyaka ba: da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, kuma sai da haɗin gwiwar duniya aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da ita.

An buɗe iyaka a Maris na 2024, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025. Aikin da ke gaban Abuja yanzu shi ne ta zauna da su a tsara yadda mutane da kaya za su riƙa ƙetarawa, domin ɗan kasuwar Dawanau da ke da kaya a hanya ba zai iya jiran shugabanni su huce ba.