Abin da Yarjejeniyar Hayar Mota Ta Tanada Idan Matsala Ta Auku a Hanya

Wanda ya karɓi hayar mota domin ya tuƙa da kansa ya ɗauki amanar dukiyar wani ne, kuma takardar da ya sa wa hannu ita za a buɗe ranar da wani abu ya lalace. Sharuɗɗan sukan bambanta tsakanin kamfanoni, amma akwai waɗanda kusan dukkansu suka yi tarayya a kai.

Kafin a yi zancen kamfani, doka ta fifita rai. Sashe na 31 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan zirga-zirgar ababen hawa da aka ƙulla a birnin Vienna na ƙasar Austria a 1968 ya wajabta wa direban da haɗari ya rutsa da shi ya tsaya da zarar tsayawar ba za ta jawo wani haɗarin ba, ya bayyana kansa idan an nema, sannan ya sanar da 'yan sanda idan an ji rauni ko an rasa rai. Ko da lalacewa kawai motar ta yi, a gangara da ita gefen titi, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku nesa da bayanta, fasinjoji kuma su tsaya inda motoci ba sa bi.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen gyara. Direba ya ga injin ya ɗau zafi, sai ya kira bakaniken da ke kusa, alhali yawancin yarjejeniyoyi sun hana a kwance ko a ja motar ba da izinin kamfani ba. Lambar wayar neman agaji tana jikin takardar, wani lokaci a jikin makulli, kuma ita ya kamata a fara kira. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi, domin ruwan yana iya watsowa ya ƙone fuska da hannu. Idan kuma an zuba fetur a motar dizal, kada a tayar da ita ko kaɗan.

A ganina, kalmar inshora ce ta fi sa mutane sakin jiki. Kariyar da kamfani ke bayarwa sau da yawa ba ta haɗa da taya, gilashi, ƙarƙashin mota ko ɓatan makulli ba, kuma akwai wani kaso na kuɗin gyara da yakan rage a wuyan mai haya. Kariyar tana iya faɗuwa gaba ɗaya idan wanda ba a rubuta sunansa ba ne ke riƙe da sitiyari, ko direban yana cikin maye.

Bayan karo, kamfanoni da dama sun hana mai haya amsa laifi ko yin sulhun kuɗi a bakin hanya. Ya ɗauki hoton motocin da lambobinsu, ya karɓi rahoton 'yan sanda, ya cike takardar haɗari cikin wa'adin da aka gindaya masa.