Hawker Hurricane, jirgin yaƙin Biritaniya da ya bi ta Kano da Maiduguri

Hawker Hurricane jirgin yaƙi ne na Biritaniya mai inji ɗaya da kujerar mutum ɗaya, kamfanin Hawker ne ya ƙera wa rundunar sojin saman ƙasar wato RAF, kuma shi ya ɗauki mafi yawan nauyin tsare sararin samaniyar Ingila a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke ce wa yaƙin Hitila. Ya fara tashi ran 6 ga Nuwamba 1935 a filin Brooklands, ya kama aiki a Disamba 1937 da runduna ta 111 a Northolt kusa da Landan, kafin a daina ƙera shi a 1944 an yi wajen guda 14,500. Yau in ka ce wa mutum ya faɗi jirgin yaƙin Ingila na wancan zamani Spitfire zai ce maka, shi ne ya kwashe suna, amma a gaskiya Hurricane ne ya sha wahalar aikin.

Ƙirarsa

Injiniya Sydney Camm ne ya zana shi. A lokacin jiragen yaƙin Ingila duk masu fiffike biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, sai Camm ya ɗauki salon ginin da kamfaninsu ya riga ya saba da shi ya mayar da shi mai fiffike ɗaya, ya sa masa injin Merlin na Rolls-Royce mai silinda 12 da ƙarfin doki dubu da ɗan wani abu, ya dasa bindigogin Browning guda 8, huɗu a kowane fiffike. Shi ne jirgin yaƙin RAF na farko da ya wuce gudun mil 300 a awa, wato kusan kilomita 480. A Yunin 1936 gwamnati ta ba da odar guda 600.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne jikinsa. Ƙashin gangar jikin bututun ƙarfe ne da aka harhaɗa, aka ɗora masa siraran katako don ya ba da siffa, sannan daga bayan kujerar matuƙi har wutsiya aka lulluɓe shi da yadin lilin da aka shafe da wani irin fenti mai sa shi ya ɗame ya yi tauri. Yadi fa, a jirgin yaƙi. Na farko-farko ma har fukafukan yadi ne kafin a koma na ƙarfe. Tun a lokacin ana kallon wannan a matsayin tsohon yayi, don shi Spitfire jikinsa duk fallen ƙarfe ne mai santsi, amma nan ɗin ne ƙarfin Hurricane yake, harsashi sai ya huda yadin ya fice ta ɗaya gefen bai taɓa wani abu mai muhimmanci ba, jirgi ya sauka makanikai su yi masa faci kamar yadda tela ke yi wa riga, gobe ya koma fage. Spitfire in ya ji irin wannan rauni sau da yawa sai an kai shi wurin gyara na musamman. Tayoyin Hurricane kuma a ware suke sosai suna naɗewa zuwa ciki, saboda haka yana sauka lafiya a filin ciyawa ko na rairayi marar kyau, ga shi in yana harbi ba ya rawa sosai.

Yana da aibi babba, ba za a ɓoye ba. Akwai tankin mai a gaban matuƙi daf da shi, wasu kuma a gindin fukafukai, in wuta ta kama sai ta yo cikin ɗakin matuƙi kai tsaye musamman in ya buɗe murfi zai fita. Matuƙa da yawa sun ƙone a fuska da hannuwa, da dama daga cikinsu asibitin East Grinstead aka kai su inda likita Archibald McIndoe ya yi ta yi musu tiyatar dashen fata, wasu shekara da shekaru.

Yaƙin sararin Ingila, 1940

Daga Yuli zuwa ƙarshen Oktoba 1940 jiragen Jamus suka yi ta kai farmaki Ingila da niyyar karya RAF. Rundunonin Hurricane sun fi na Spitfire yawa nesa, kuma fiye da rabin jiragen Jamus da aka kakkaɓo a wannan gumurzu Hurricane ne ya harbo su. Messerschmitt 109 na Jamusawa ya fi shi gudu da saurin hawa sama, Hurricane kuma ya fi shi iya juyawa a ƙurarren wuri, shi ya sa in da hali akan tura Hurricane kan jirage masu jefa bam a bar Spitfire da masu rakiyarsu, duk da dai in an gwabza kowa abin da ya samu a gabansa yake bi. Runduna ta 303 ta 'yan ƙasar Folan da suka tsere bayan an ci ƙasarsu Hurricane suke tuƙawa, kuma suna cikin waɗanda suka fi kowa harbo jirage duk da sun shiga a makare. James Nicolson, wanda shi kaɗai ne matuƙin rundunar jiragen kare Ingila da ya samu lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Biritaniya, a duk yaƙin, cikin Hurricane mai ci da wuta ya tsaya ya ci gaba da faɗa ran 16 ga Agusta 1940 kafin ya diro da lema.

Hanyar Takoradi

Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940 sai tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, ga sojojinta a Masar suna matuƙar buƙatar jiragen sama, zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu kuwa tafiyar watanni ce. Sai aka fito da dabara, a kwance jirgi a zuba shi cikin manyan akwatunan katako, jirgin ruwa ya kawo shi tashar Takoradi a ƙasar Gold Coast, Gana ta yau, a haɗa shi a can tare da ma'aikata 'yan ƙasa, sannan a tuƙa shi ya ratsa Afirka. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, Hurricane guda 6 suna bin jirgin Blenheim ɗaya mai jefa bam, don shi Blenheim yana da mai duba taswira, su kuwa kowane matuƙi shi kaɗai ne a cikin jirginsa, in ya ɓace wa jagora ya shiga uku.

Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, a ratsa Chadi ta Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, a shiga Sudan ta Janaina da Fashir zuwa Hartum, daga nan a bi kogin Nilu arewa har Masar, tafiya ta kusan kilomita 6,000 da kan ci wajen kwana shida. Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne gwamnan Chadi Félix Éboué ya bi ɓangaren Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, a Agusta 1940, alhali Nijar da sauran ƙasashen Faransa na yamma suna hannun gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus. Hanya ce mai wuya ƙwarai, hazon hunturu ya rufe ƙasa ba ka ganin komai, da damina ga hadari, ga rairayi mai cin inji har sai da aka sa wa jiragen wata babbar matatar iska a ƙarƙashin hanci wadda ta rage musu gudu. Wasu sun faɗi a daji, wasu jiragen kuma suna isa Masar sai an sake duba injinsu kafin su shiga faɗa. Duk da haka zuwa 1943 jirage sama da 5,000 iri-iri sun bi ta wannan hanya, kuma da su aka yi yaƙin hamadar Libiya da Masar. Dama can RAF ta san hanyar, don jiragenta uku ƙirar DH.9A ne suka taso daga Masar suka sauka Kano a Nuwamba 1925 ƙarƙashin Arthur Coningham, mutumin da daga baya ya zama kwamandan sojin sama a wannan yaƙin hamada.

Daga 1941 Hurricane ya fara gazawa a karo da sababbin jiragen Jamus, sai aka juya shi zuwa dukan ƙasa. Aka yi mai manyan bindigogi 4 na milimita 20, aka yi mai ɗaukar bam, aka yi mai igwa biyu na milimita 40 don fasa tankokin Rommel, kwamandan Jamus a yaƙin hamada. An yi na ruwa ma, wasu ana cilla su da roka daga kan jirgin ruwan 'yan kasuwa don su kori jiragen Jamus, kuma babu wurin sauka, in matuƙi ya gama sai dai ya diro da lema ko ya kwantar da jirgin a teku ya jira a tsamo shi. Tarayyar Sobiyat ta karɓi kusan 3,000, Kanada ta ƙera kamar 1,400 ƙarƙashin injiniya Elsie MacGill. Ya yi faɗa a Malta, kuma a ƙasar Bama, Myanmar ta yau, inda sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa da yawa, suka yi yaƙi da Japan, Hurricane ya ci gaba da dukan maɓoyar abokan gaba har ƙarshen yaƙi.

Waɗanda suka rage

Bayan yaƙi an farfasa yawancinsu, katako da yadi kuma basa jure ajiya, shi ya sa masu iya tashi a duniya yau 'yan kaɗan ne, Spitfire ya ninka su. RAF na riƙe da biyu a sansanin Coningsby cikin rukunin jiragen tunawa da yaƙin 1940, LF363 da PZ865, shi wannan na biyun shi ne na ƙarshe da aka ƙera a 1944, suna zaune wuri ɗaya da jiragen Typhoon na zamani, ana fito da su lokacin bukukuwa musamman wajen 15 ga Satumba, ranar tunawa da wannan yaƙi. Wani mai lamba R4118 da ya yi yaƙin 1940 an same shi yashe a harabar jami'a a Banaras ta Indiya, aka mayar da shi Ingila aka gyara ya sake tashi a 2004. John Hemingway ɗan ƙasar Ailan, na ƙarshe da ya rage da rai cikin matuƙan da suka yi gumurzun 1940, Hurricane ya tuƙa a runduna ta 85, ya rasu a Maris 2025 yana da shekara 105.